Yadda Muka Kai Cikin Iya Kano

Ciki biyu ne suka kumbura a tafiyarmu ta Kano, na kakata Iya da nawa. Nata ciwo ne ya kumbura shi. Nawa kuwa za ku ji.

Mu uku ne da jaki biyu: Iya, da Baba, da ni. Shekarata sha biyar a lokacin, kuma duk Matameye an san ni da abu biyu, ci da ƙara wa magana gishiri. In na ga gafiya a bayan gari, kafin in iso gida ta zama kura.

Tun kaka Iya take ramewa. Da bazara ta shigo sai ya zama tana kwana biyar, shida, kafin ta zagaya bayan gida, daga baya abin ya tsaya cak. Jiki ya tsotse, ciki kuma ya tashi kamar tulu. An ba ta filasko, an ba ta kanwa, wanzami ya kafa mata ƙaho har wurin kafawa ya ƙare. Lokotoron Damagaram, wato likitan Faransawa, an ce ya bi sojoji arewa, ba a san ranar dawowarsa ba. Sai wani falke ya gaya wa Baba cewa a Kano, ƙasar Ingilishi, akwai Baturen da ke farke ciki ya ɗinke kamar riga. Iya ta yarda a kai ta bisa sharaɗi ɗaya: a dawo da ita da ranta. Ta ce a ɗakinta na Matameye za ta cika, ba a garin da ba wanda ya san sunan ubanta ba.

Dalilin tafiya da ni kuwa shi ne Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, shi ma ba ya zama inda take. Ni kuma sunan mijinta aka sa mini, don haka ni ne angonta, ita ce amaryata, ba maganar da ba ma yi. Duk abin da zai wuce tsakanin uwa da ɗa, ta bakina zai bi. A duk gidanmu an rasa wanda za a ɗora wa wannan aiki sai ni.

Ɗan Barto

A nan muka fara sauka. Matar mai masaukinmu ta dama kunun tsamiya, Baba ya kawo ƙwaryar bakin ɗaki, ya yi gyaran murya, ya ce wa bango, "A ce da masu ɗaki ga kunu."

Na ce, "Amarya, mai jaki ya ce ga kunu." Mai jaki take ce masa tun da muka fito.

Ta sha ludayi ɗaya. Bai daɗe ba ya dawo, kore shar kamar ruwan kududdufi. Ta goge baki da gefen zane, ta turo mini ƙwaryar.

"Shanye."

"Duka?"

"Yau ka fara kunya, ragon miji? Shanye ka mayar masa da ita fes. In ya gan ta cike zai zauna yana kallon ƙasa, ni kuwa ba ni da ƙarfin kallon mai kallon ƙasa."

Na shanye. Kunun ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Da Baba ya ga ƙwaryar, ya juya ta, ya ce alhamdu lillahi har sau uku, ya je ya ƙara wa jakai harawa don murna.

Iyaka

A shekarun nan mutane na gudu ƙasar Ingilishi saboda aikin dole da lanho, harajin Faransawa, don haka akwai gardi mai jar hula a bakin hanya yana tare masu wucewa. Ya caccaki kayanmu da sanda, sannan ya tsaya a kan Iya, wadda ke bisa jaki lulluɓe da zane.

"Me aka ɓoye a nan? Kanwa ko gishiri?"

Baba ya durƙusa gefen jaki. Yaya zai yi ya ambaci cikin mahaifiyarsa a gaban mutane? Gardin ya fara ɗaga sanda zai taɓa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ciki ne. Nawa ne. Wata tara cif, muna zaton tagwaye. Goyon ciki za mu kai ta gidan iyayenta."

Gardin ya dube ni, ya dubi furfurar Iya da bakinta mai haƙori huɗu.

Iya ta ce, "Ƙarya yake, ɗan nan. Wannan ko kaza aka ba shi ba ya iya ciyar da ita."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce mu wuce, Allah ya raba lafiya. Baba duk wannan lokaci yana durƙushe yana duba kofaton jaki, kofaton da ba abin da ya same shi. Da muka yi nisa na ga Iya ta dafe gefen ciki, gumi na bin wuyanta. Dariyar ce ta taɓa ta. Na gani, na ci gaba da kora jaki.

Daura

Mun sauka gidan wani fatoma, irin masu saukar da matafiya. Matarsa hannunta na da albarka, tuwo take tuƙawa kamar za a ciyar da masu gayya. Kwano biyu ake kawo mana ɗaki, nawa da na Iya, duka kuma hanya ɗaya suke bi.

Washegari Baba ya ja ni bayan rumbu. Ya daɗe yana murza gemu.

"Ana ci, na gani. To... ana zagayawa?"

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Iya sha kawai ta sa ni, ba ta sa ni wannan ba. Amma bakina ya riga ni.

"Wallahi sau uku yau. Na ƙarshen har kajin gidan suka watse."

Baba ya ɗaga hannu sama. Ya ce to mu huta a nan ta yi ƙarfi, watakila ma ba sai mun kai Kano ba.

Kwana uku muka yi. Na ci tuwo, na ci dambu, na sha fura da nono har kumatuna suka fara tare mini gani. Igiyar wandona ta nemi ƙari. Iya kuwa tana kwance kan tabarma, in ta kurɓi ruwa ya zauna mun gode Allah, in ya dawo in kai kaskon bayan gida in zubar ba wanda ya gani.

A rana ta uku Baba ya dawo daga kasuwa da ƙullin magani. Wani mai rawani kamar kwandon auduga ne ya sayar masa, ya ce daga Gabas aka kawo shi, in hanya ta fara buɗewa shi ke ƙarasa ta. Ina shinshinawa na gane shi: filasko ne da kanwa, irin wanda ke tsirowa a bayan gidanmu. Wannan karon Baba bai ajiye ya tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba mu baya, yana jiran ya ji an sha. Iya ta dube ni, ta dubi bayansa, ta ɗaga ƙoƙon ta shanye.

Kafin azahar cikin ya fara motsi. Da idona na ga hanjin na tasowa yana kwantawa a ƙarƙashin fata kamar an ɗaure kyanwa cikin buhu. Ba ta yi ihu ba. Zanenta ta cusa a baki ta ciza.

Na fita na sami Baba. Na ce, "Baba, ba ta ci komai ba tun daga gida. Ni nake ci. Ba ta zagaya ba ko sau ɗaya."

"Kai, bar wasa."

"Wallahi."

"Shekaranjiya ma wallahi ka ce."

Sai da ya roƙi matar fatoma ta shiga ta duba. Ta fito tana tafa hannu. "Malam, baiwar Allahn nan leɓenta ya tsage, harshenta ya bushe kamar ƙirgi. To wa ke cin tuwon da nake tuƙawa?"

Duk suka juyo gare ni. Ina tsaye fuskata na ƙyalli.

Na shirya bayana don duka, amma Baba bai taɓa ni ba. Ya ce, "Kwance jakan." Na tsaya ina jiran wani abu ya taso mini a ƙirji, kunya ko tsoro ko kuka. Ba abin da ya taso sai gyatsa.

Da muka ɗora ta bisa jaki ta ce, "Gaya wa mai jaki ni na sa ka."

"Sha kika sa ni. Zagayen ni na ƙara."

"To wannan kai da Allah."

Hanyar Kazaure

Kwana biyu Baba bai yi mini magana ba sai "riƙe" da "saki". Yana tafe gefen jakinta, hannunsa a bayan akumari, bai taɓa ta ba amma in ta karkata kafaɗarsa na nan. Rana kuwa kamar an kifa mana tukunya.

A gindin wata tsamiya muka tarar da wata Bafilatana mai tallar nono. Ta ga ina ƙoƙarin ɗura wa Iya ruwa, ta buge mini hannu. Ta yagi bakin mayafinta, ta tsoma a ruwa, ta sa wa Iya a baki ta tsotsa, ta shafa mata man shanu a leɓe. Ta ce haka ta yi wa babanta. Ban tambaye ta yadda babanta ya ƙare ba. Ta miƙo mini nono, na so a ce na kasa sha. Na sha.

A nan ne gida ya faɗo mini. Ba Inna na tuna ba, ba ƙannena ba. Wani dutse na tuna, wanda ke bakin rijiyar unguwarmu, inda nake zama ina tsokanar masu ɗiban ruwa. Na yi ta tunanin ko wa ke zaune a kansa yanzu.

A Kazaure muka sami mota mai ɗaukar fatu za ta Kano. Direban ya leƙa fuskar Iya, ya sa aka gyara mata wuri a kan fatun, ya ƙi karɓar ko goro. Jakan muka bar wa wani mai shago a bakin kasuwa, wanda ya rantse zai riƙe su kamar ƴaƴansa. Ban taɓa shiga mota ba. Na so in ba da labarin yadda itatuwa ke gudu da baya, amma duk ramin da muka faɗa sai in ji numfashin Iya ya tsaya, in ƙirga har ya dawo. Itatuwan ban gan su ba.

Kano

Mutane sun fi gero yawa, kuma ba mai gaida kowa. Na gaida mutum ɗari uku, biyu suka amsa, ɗayan ma atishawa ya yi. Da mun buɗe baki sai a ce, "Ƴan Faranshi ne."

A asibitin wani ma'aikaci mai suna Malam Tanko ya karɓe mu, shi ke fassara maganar Bature. Aka kwantar da Iya ɗakin mata. Baba ya tsaya a baranda, taki goma daga gadonta. Baturen dogo ne, hannunsa da gashi kamar na akuya. Ya ƙwanƙwasa cikin, ya yi ƙara kamar ganga. Ya danna nan, ya danna can, ya daɗe a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Sannan suka zura mata wata igiyar roba ta hanci har ciki. Abin da ya fito ya cika tasa biyu. Suka yi mata allura a hannu. Ban san fuskarta a ɗaure take ba tun Ɗan Barto sai da na ga ta saki. Ta yi barci da rana tsaka, bakinta a buɗe.

Baturen ya fito baranda ya yi magana, Malam Tanko ya mayar wa Baba.

"Ya ce daji ne ya tsiro a hanji, ya girma har ya rufe hanya. Ya kuma ci gaba, ya kai hanta. Ba ya ciruwa. Robar nan da allura sauƙi ne kawai. Abin da zai iya shi ne ya buɗe ƙofa a gefen ciki, sama da inda ya toshe, bayan gida ya riƙa fita ta nan. Ba warkewa ba ce. Kuma jikinta ya yi rauni, tana iya tashi daga yankan, tana iya ƙin tashi."

Baba ya juyo gare ni, karo na farko tun Daura. "Ka ji. Je ka faɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Da ta farka na faɗa. Ban taɓa faɗin magana tsirara haka ba, har na ji bakina wani iri.

Ta ce, "A gefe? Kamar rumbun da ɓera ya huda?"

"Haka."

"Mai jaki me ya ce?"

Na yi taki goma. "Baba, wai me ka ce?"

"A yi."

Na dawo. "Ya ce a yi."

"Ce masa ba cikinsa ba ne. Ce masa da wane tsarki zan yi salla, ƙazanta na fita ba da izinina ba?"

Baba ya sa takalmi ya shiga gari. Bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya ce ya sami wani malami a zaurensa, malamin ya ce abin da ya fi ƙarfin mutum ba ya hana shi salla, ta wanke abin da ta iya ta yi abinta.

Na kai. Ta ce, "To ce masa na ji, amma a mayar da ni gida haka nan. An yi mini alkawari. Ba na zo Kano a yanka ni kamar kabewa in mutu a ɗakin da ke warin kananzir ba."

Na kai. Ya ce a roƙe ta. Na roƙa. Ta ce a ɗauro kaya. Na yi ta safa da marwa har na tabbata na haƙa rami tsakanin gadon da barandar, matan ɗakin suna bina da ido kamar masu kallon dambe. Daga ƙarshe Baba ya zauna a ƙasa ya jingina da ginshiƙi. Ya ce, "Alkawari ne. Gobe mu nemi mota."

Ba wanda ya aike ni, amma na bi Malam Tanko har inda yake wanke tasoshi. Na ce, "Malam, in muka tafi da ita haka, za ta kai Matameye?"

"Kwana nawa ne?"

"Mota zuwa Kazaure, sannan kwana huɗu a jaki."

Ya je ya tambayo Baturen. Ya dawo ya ce, "Ya ce in aka zare robar nan, da wuya ta wuce Daura."

"In an yanka fa?"

"In ta tashi, tana iya kaiwa. Tana iya ganin damina ma."

Na so in tambaye shi ko kwana ukun da muka yi a Daura ne ya jawo. Har na buɗe baki. Sai na ce masa sabulun nan na da ƙamshi.

Na koma na zauna bakin gadon. "Amarya, wannan ba saƙon mai jaki ba ne, nawa ne. In kika tafi haka, a Daura za a binne ki, ko a hanya. In aka yanka, ko ki mutu nan jibi, ko ki kai gida. Hanyar Matameye ta gefen cikinki ta bi."

Ta daɗe tana kallona. "Nawa ka ƙara?"

"Ban ƙara ba."

"Rantse."

"In na rantse ma ba a yarda."

Ta rufe ido. Na zaci barci ta koma. Can ta ce, "Ce wa Baturen ya wasa wuƙarsa. Kuma ya yanka daidai, ba ni son aikin ganin ido."

Da hantsi aka shiga da ita. Ni da Baba muka zauna a baranda. Yana jan carbi, ni ina kallon tururuwa na jan fiffiken fara. Sun kai shi bakin rami, ya ƙi shiga, suka juya shi, ya ƙi. Ina nan ina kallo har Malam Tanko ya fito ya ce tana numfashi. Baba ya kifa goshi a ƙasa. Ni na ci gaba da kallon tururuwan, don ina son in ga ko zai shiga.

Kwana uku tana tsakanin nan da can. A na huɗu ta buɗe ido ta ce wa ya bar ragon nan ya zauna mata a kan zane. Cikin ya saɓe kamar salkar da aka juye. A na shida ta sha kunu ludayi uku, ya zauna.

Wata ma'aikaciya Banufiya ce ke gyara mata wurin. Ta nemi mace a cikinmu da za ta koya wa, babu. Iya ta ce, "Koya wa wannan, mijina ne." Wurin ja ne, kamar ɗan tumatir a gefen hagu. A wanke da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya kewaye don kada fata ta ci, a ɗora auduga da tsumma, a ɗaure da ɗamara. Ran farko na fita na amayar da abin da na ci tun Daura. A rana ta biyu na yi ina ba Iya labarin gardi. Banufiyar ta ce mana abu ɗaya ne ba shi da magani: wurin ba ya jin kunya, in iska za ta fita ba ta neman izini.

Komawa

Mun kusa wata a Kano. Ruwan shuka ya sauka muna can, Baba ya dubi sama, ya koma ya zauna a baranda. Suka ba mu auduga da wata ƴar kwalba ta maganin zafi, a ɗiga kaɗan in ciwo ya tashi.

A Kazaure mai shago ya fito mana da jakai biyu. Ɗaya namu ne. Ɗayan kuwa a wata guda ya tsufa da shekara ashirin, ya canza launi, ya rasa rabin kunne. Mai shagon ya rantse kewar mu ce ta mai da shi haka. Na fara tara masa jama'a, Baba ya ce in bari, ba mu da ranar ɓatawa. Tsohon jakin ma ya fi namu tafiya a hankali, shi Iya ta zaɓa. Ta ce sa'anta ne.

Ba mu kwana biyu a ko'ina ba. Gardin iyaka wani ne daban, bai ko dube mu ba.

Matameye

Da la'asar muka shiga, ƙasa a jiƙe, gero ya fara rufe ƙafa. Kafin mu sauke kaya ɗakin Iya ya cika da mata, wasu a tsaye a ƙofa. Ta zauna a kan gadonta ta jingina da bango, an yafa mata sabon zane. Ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashinsa sai ni da Baba. Ana ta barka da dawowa, ana cewa ciki ya faɗa, Bature ya iya aiki.

Sai wurin ya yi magana. Doguwa, mai lanƙwasa, da ɗan ƙarin bayani a ƙarshe. Warin ya biyo baya.

Matan suka dubi juna. Na ga hannun Iya ya damƙe bakin zane. Matar da ta yi shekara saba'in ba a taɓa jin ko tarinta a cikin taro ba.

Na miƙe na dafe ciki. "Ku gafarce ni, iyayena. Waken Kano ne. Wata guda ina cinsa, yanzu yake ba da labari."

Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta kai mini duka da mafici. "Ɗan banza marar kunya! A gaban manya?" Aka yi ta salati ana toshe hanci ana dariya, wata ta ce dama an ga ya dawo kamar ɗan maraƙi. Iya ta ce, "Ku ƙyale shi, haka nake fama da shi tun Daura."

Daga ranar, in baƙi suka zo gaishe ta, ina gefen hagunta. Na yi a gaban liman. Na yi a gaban surukan Gwaggo Hajo. Ran da matar mai gari ta zo na yi sau huɗu, har ta ce a nema mini rubutu. Yara suka fara bina suna kiran Waken Kano, daga nan manya suka ɗauka. Wani kawuna ya sami Baba ya ce yaron nan ya zubar mana da mutunci, a yi masa magana. Baba yana gyaran hauya, bai ɗago ba. Ya ce, "A bar shi."

Ta ga damina. Ta ci ɗanyar kuɓewa, ta yi sallolinta a zaune, ta yi faɗa da kowa a kan yadda ake daka. Sannan idonta ya yi rawaya, kwalbar ta ƙare, ta daina neman kunu. Gero na fitar da kai ta cika, da hantsi, a ɗakinta, kanta a cinyar Gwaggo Hajo. Matan da suka yi mata wanka sun ga wurin. Ba wadda ta fita da maganar, sai dai tun daga ranar Gwaggo Hajo ba ta ƙara ɗaga mini mafici ba.

Na jira kuka ran nan, bai zo ba. Na jira ran sadakar uku, na jira ran arba'in. Har yanzu ina jira.

Sunan kuwa ya zauna. Ran kasuwa in na ratsa rumfar mahauta sai wani ya ɗaga murya, "Waken Kano! A matsa masa, kada ya saki!" A yi dariya har da masu awon gero.

In juya in ce, "Na'am."